Yadda Za Ku Tallafi Ɗan Sanawiyya a Makka da Jidda Idan Nauyin Karatu Ya Danne Shi

Yaron da ke aji biyu ko aji uku na sanawiyya, wato babbar sakandare, a Saudiyya jarrabawa uku yake goye da su a lokaci guda. Akwai ta makaranta, wadda makinta ke taruwa tun daga aji ɗaya har a gama. Akwai Ƙudurat, wadda cibiyar Ƙiyas ke shiryawa, ɓangare guda na harshe, ɓangare guda na lissafi. Sai Tahsili, wadda ke tambayo abin da aka koya a lissafi da fiziya da kimiya da ilimin halittu na dukkan shekaru ukun. Wannan kaya ne na kowane ɗalibi a ƙasar. Ɗan Bahaushen da ya tashi a Shara Mansur ko Misfala ko Gulail yana da nasa ƙarin a kai: iƙamar (takardar izinin zama) da za a sabunta, kujerun jami'a da suka yi wa wanda ba ɗan ƙasa ba kaɗan, Hausa a gida da Larabcin littafi a aji, da kuma iyayen da suka zuba masa ido domin shi ake sa ran zai fitar da gidan kunya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa ko ta zuciya, kuma fargaba da ciwon damuwa suna sahun gaba. Namu ba su fita daga cikin wannan lissafi ba, sai dai a gidajenmu sunan da ake ba abin daban ne: lalaci, taurin kai, ko "waya ta ɓata shi". Abin da zan shimfiɗa a nan tsari ne na abin da za a fara da shi da abin da zai biyo baya, domin yawancin iyaye da faɗa suke farawa, alhali faɗa ko a ƙarshen layi da ƙyar ya samu gurbi.

Mataki na farko: ku sa ido mako biyu, ku kame baki

Kafin ku ce masa uffan, ku lura. Mako biyu shi ne ma'aunin da likitoci ke amfani da shi wajen raba ɓacin rai na yau da gobe da ciwon damuwa: idan ƙunci ko rashin sha'awar komai ya zauna kusan kullum har tsawon mako biyu, an wuce batun "ransa ne ya ɓaci".

A wurin matasa abin ba kasafai yake zuwa da kuka ba. Ya fi zuwa da saurin fushi. Yarinyar da da can take raha da ƙannenta yanzu ko cokali suka yar sai ta daka musu tsawa. Yaron da ba ya wasa da ƙwallon bayan La'asar ya daina fita, abokai su yi ta sallama a ƙofa ya ce a ce yana barci. Ku lura da ciwon ciki ko ciwon kai da ke tashi daren Asabar ko safiyar Lahadi da ake komawa makaranta, ya lafa ranar Alhamis da yamma da ake tashi hutun mako. Ciwon gaske ne, ba ƙarya yake yi ba, amma ranakun da yake zaɓa suna nuna muku inda tushensa yake. Ku duba farantinsa, ku duba ƙarfe nawa hasken waya ke mutuwa a ɗakinsu, ku shiga Noor, dandalin ma'aikatar ilimi da ake duba maki, ku ga ko faɗuwar maki a darasi ɗaya ce ko a duka. Darasi ɗaya yawanci matsalar malami ce ko wani babi da ya kuɓuce masa. Idan duka ne suka zube tare, to yaron ne ya gaji.

Wannan jira na mako biyu bai shafi wanda ya ambaci mutuwa ko ya ji wa kansa rauni ba. Shi nasa a mataki na ƙarshe yake, kuma a yau ake yin sa.

Mataki na biyu: barci

A nan zan daɗe, domin a ganina rabin abin da muke kira damuwar karatu a Makka da Jidda rashin barci ne tsagwaronsa. Garuruwan nan na dare ne. Zafi ya kori mutane zuwa bayan Isha, ana cin abincin dare ƙarfe 11, baƙi daga gida sun zo Umara ana hira har ƙarfe 1, sannan a tashi Asuba, a kuma tsaya layin safe a makaranta wajen ƙarfe 7 saura. Likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Ku ƙirga na ɗanku da yatsa. Da yawa ba sa kaiwa haka.

Ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka karanta da rana. Wanda ya kwana yana bita ya shiga ɗakin jarrabawa ido jajur, ya zuba karatu ne bai bar shi ya zauna ba. Rashin barci kuma yana ƙara fargaba da saurin hasala, fargabar ta sake hana barci, haka abin ke ta juyawa. Akwai kuma wani abu da ya kamata iyaye su sani don kada su zalunci yaro: idan balaga ta zo, agogon jiki yana ja baya, barci ba ya ɗaukarsa da wuri kamar lokacin da yake ƙarami. In kun kora shi gado ƙarfe 9 ya yi ta juyi, ba gardama yake yi ba.

Ga yadda ake gyarawa. Ku fara da lokacin tashi, ku tsayar da shi wuri ɗaya, har Juma'a da Asabar kada ya goce da fiye da awa ɗaya ko biyu. Sai ku riƙa jawo lokacin kwanciya baya da minti 15 zuwa 20 duk bayan kwana biyu ko uku, har a iso wajen ƙarfe 10 ko 10 da rabi. Wanda ya saba kwanciya ƙarfe 2 ba zai koma ƙarfe 10 a dare ɗaya ba, in kun matsa sai ku rasa duka. Ƙailula tana da kyau, amma ƙailular da aka fara bayan Azahar aka farka ana kiran Magariba ita ce ke cinye daren. Minti 20 zuwa 40 ya wadatar, kuma a tashi kafin La'asar.

Sai batun abin sha. Kafeyin da ke cikin gahawa da shayi da lemukan ƙara kuzari irin su Code Red da Bison yana ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka gwangwanin da aka sha bayan Magariba yana nan yana aiki ƙarfe 12 na dare. Ba banza ba gwamnati ta hana sayar da waɗannan lemuka a makarantu tun 2014, ta kuma ɗora musu harajin kashi 100 cikin 100 a 2017. Ƙa'idar gida mai sauƙi: daga La'asar babu.

Waya kuwa, ku yi mata masauki a falo, caja a can, ta kowa da kowa. Na ce ta kowa, domin uban da ke kwance yana kallon TikTok ƙarfe 1 ba shi da bakin ƙwace ta ɗansa. In ɗaki ɗaya yara huɗu ke kwana, kamar yadda yake a gidaje da yawa tun bayan rushe-rushen unguwannin Jidda na 2022 da ya tura mutane hayar da ta fi tsada kuma ta fi ƙunci, to dokar kashe fitila ta hau kan kowa, har da babban yaya. A Ramadan tsarin zai rushe, babu makawa. Abin da za a iya shi ne a raba barcin biyu, wani bayan Tarawihi zuwa sahur, wani bayan an dawo daga makaranta, a tabbatar jimlar ta kusa awa 8.

Mataki na uku: ku zauna ku yi lissafin da yake tsoro

Tsoron da ba a san girmansa ba ya fi kowane tsoro cin rai. Yara da yawa suna jin "nisba, nisba" a bakin abokai, ba su taɓa zama da biro sun ga yadda ake fitar da ita ba. Jami'o'i suna haɗa maki uku ne su fitar da abin da ake kira nisba mauzuna, kuma kowace jami'a da kowace kwaleji da nata rabon. Wani rabo da aka saba gani a fannonin kimiyya shi ne kashi 30 na sanawiyya, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili.

Mu ɗauki yarinya mai 95 a makaranta, 70 a Ƙudurat, 68 a Tahsili. Na makaranta ya ba ta 28.5, Ƙudurat 21, Tahsili 27.2, jimla 76.7. In ta kashe kanta ta ɗaga makin makaranta daga 95 zuwa 98, abin da ta ƙara bai kai maki 1 ba, 0.9 ne. In kuwa ta ɗaga Tahsili daga 68 zuwa 78, ta ƙara maki 4 cif. Yarinyar da ke kuka saboda ta rasa maki biyu a ƙaramin gwajin aji, wannan lissafin ya fi mata "ki yi haƙuri" sau goma, domin ya nuna mata inda ƙarfinta zai yi riba da inda take ɓarnar hawaye. Ku gaya mata kuma cewa Ƙudurat ana sake ta, akwai ta kwamfuta, kuma mafi girman makin da aka samu shi ake ɗauka. Wanda Turancinsa ya fi Larabcinsa, kamar 'yan makarantun ƙasa da ƙasa, akwai ta Turanci.

Bayan wannan sai maganar da iyaye ke gudu. Idan yaron ba ɗan ƙasa ba ne, ya riga ya sani, abokansa sun gaya masa, cewa ko ya ci 95 shiga Jami'ar Ummul Ƙura ko Jami'ar Sarki Abdul'aziz ba tabbas ba ne. Hanyarsa ita ce minha, wato gurbin tallafin karatu, ta cikin gida da ake ba mazauna masu iƙama mai rai, ana nema ta dandalin Idrus fis Sa'udiyya, kuma guraben ƙididdigaggu ne. Yaron da ya ɗauka ƙofa ɗaya ce tak a duniya, duk jarrabawa sai ta zame masa batun rai da mutuwa. Ku rubuta masa ƙofa ta biyu da ta uku a takarda: jami'o'in kuɗi in da hali, karatu a Najeriya ta hanyar JAMB wadda take da cibiya a Jidda, Nijar ga 'yan Nijar, Masar, ko koyon sana'a mai takardar shaida. Da can Khartum ce mafakar 'ya'yanmu da yawa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe wannan hanya, har ma ya kawo mana 'yan uwa Hausawan Sudan da yaransu, waɗanda karatunsu ya yanke a tsakiya. In batun iƙama ne ya cije, ku faɗa masa gaskiyar inda aka tsaya da abin da kuke yi a kai, ku kuma ce masa wannan nauyin naku ne. Yara suna jin raɗar da ake yi a kicin, kuma abin da suke ƙiyastawa a ransu kullum ya fi gaskiyar muni.

Mataki na huɗu: zancen kansa

Kada a kira shi falo a zaunar da shi gaban Abba da Umma da kawu kamar kotu. Matashi ya fi buɗe baki idan ba a kallon idonsa: a mota, a hanyar dawowa daga Harami, ko ana yanka albasa tare. Mutum ɗaya ya isa, kuma wanda ya fi sakewa da shi, ko da yaya ce ko goggo.

Ku fara da abin da kuka gani, ban da hukunci. Uwa tana iya cewa: "Auta, kwana biyu na ga abinci ba ya shiga, ƙwallon ma ka ajiye. Me ke faruwa?" Amsar farko sananniya ce: "Ba komai, Umma." Kada ki bi shi da tambaya ta biyu da ta uku. Ki ce, "To shi ke nan. Ina nan dai, duk sanda ka so." Ki sake taɓo zancen bayan kwana biyu. Sau da yawa sai a karo na uku ake jin "Umma, ni fa ko na karanta ba ya zama," ko "Wallahi in na ga takardar sai hannuna ya kama rawa."

Idan ya fara magana, aikinki saurare. Abubuwa uku ke rufe bakin yaro nan take. Na ɗaya tarihin wahalarku: "Mu da muka zo ƙasar nan ba mu da ko katifa." Gaskiya ne, amma abin da yake ji shi ne ba shi da ikon gajiya. Na biyu kwatance da ɗan wance da ya ci 98. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne a ce masa raunin imani ne. Mai sallah biyar a jam'i yana kamuwa da ciwon damuwa kamar yadda yake kamuwa da ciwon suga. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma addu'ar tana nan a ingantattun hadisai. Ku koya masa ita, ku yi tare, a matsayin abin riƙo, kada ta zama hanyar rufe zancen.

Ga iyaye maza magana ɗaya: yaro yana bukatar ya ji daga bakinka, da kalmomi, cewa in ya faɗi jarrabawa yana nan ɗanka. Kai kana ganin ai ya sani. Bai sani ba.

Mataki na biyar: a sauke wani kayan, a gyara salon bita

Ku ɗauki takarda ku rubuta ranarsa daga Asuba zuwa kwanciya. Makaranta har bayan Azahar, halƙar tahfiz bayan La'asar, malamin darasi bayan Magariba, aikin gida a dandalin karatu na Madrasati, sannan taya Abba a shago ko aike. 'Ya mace kuma a ƙara mata wanke-wanke, girki da rainon ƙanne, ɗan uwanta yana kan PlayStation. Idan kun ga babu awa ɗaya da take tasa, wani abu sai ya sauka. A watan jarrabawa a roƙi malamin halƙa ya tsayar da sabuwar hadda a tsaya kan muraja'a, malamai da yawa suna yarda in iyaye ne suka nema. Aikin gida a raba shi da maza. A lokacin Hajji da goman ƙarshe na Ramadan, da gidaje ke neman na shekara, a ƙayyade wa ɗalibi awannin da zai taimaka.

Salon bita ma yana rage tsoro ko ya ƙara shi. Maimaita karanta shafi da shafa masa kala yana sa mutum ya ji kamar ya iya, sai a ɗakin jarrabawa ya tarar babu. Abin da ke zaunar da karatu shi ne a rufe littafi a tambayi kai, a kuma dawo kan abin bayan kwana ɗaya, bayan kwana uku, bayan mako. Ɗan tahfiz ya san wannan sarai, domin haka ake riƙe hadda: a rufe Mus'hafi a ba wani ya saurara, gobe a sake. Ya yi wa fiziya abin da yake yi wa sura. Zama na minti 25 zuwa 30, hutun minti 5 a miƙe tsaye, waya a wani ɗaki. Ga Ƙudurat, tambayoyi 20 kullum da agogo a gaba na wata biyu sun fi kwana uku ana haɗiyar tajmi'at, wato tarin tsofaffin tambayoyi. Wanda ba shi da kuɗin malamin darasi, darussan tashar Ain ta ma'aikatar ilimi suna nan kyauta a YouTube, aji-aji, babi-babi.

Motsa jiki kuma a mayar da shi cikin jadawalin, kada ya zama shi ne farkon abin da ake yankewa. Awa ɗaya a rana ake so ga matasa. In zafi ya hana, tafiya a bakin teku ko a mamsha, hanyar da aka ware wa masu tafiyar ƙafa, bayan Magariba ta isa, mata ma haka.

Mataki na shida: ku taka zuwa makarantar

Makarantun gwamnati suna da muwajjih ɗullabi, na mata muwajjiha, wanda aikinsa ke nan: matsalar ɗalibi da ba ta darasi ba. Iyayenmu da yawa ba sa zuwa sai an kira su, wasu saboda Larabcinsu na kasuwa ne suna jin nauyi. Ku tafi da wanda zai fassara in ya cancanta. Ku gaya wa yaron kafin ku je, ku kuma yarda da shi kan abin da za a faɗa da abin da za a bari a gida.

Ku tambayi yaron kai tsaye ko ana tsangwamarsa. Baƙin yaro a wasu makarantu yana jin kalmomi a kan fatarsa da asalinsa waɗanda ba zai maimaita su a gaban uwarsa ba, wani lokaci a fili, wani lokaci a rukunin WhatsApp na aji ko a Snapchat. "Ka share su" ba magani ba ne, "ka rama" kuma shi za a kora. A rubuta rana da abin da aka faɗa, a ɗauki hoton saƙonnin, a kai wa muwajjih da mataimakin shugaban makaranta a rubuce. Dokokin ɗa'a na ma'aikatar ilimi sun haramta cin zali tsakanin ɗalibai, kuma duka daga malami haramtacce ne. In makaranta ta yi shiru, akwai sashen Tawasul na ma'aikatar, akwai kuma layin taimakon yara, 116111, wanda yaron da kansa ko iyayensa za su iya kira.

Mataki na bakwai: makon jarrabawa

Daren jarrabawa ba a buɗe sabon babi. A rufe littafi awa ɗaya kafin barci, a shirya biro da katin shaida, da safe a karya ko da burodin tamis da waken ful ne kaɗan. In an dawo kada a tare shi a ƙofa da "nawa za ka ci?" Wadda aka rubuta ta wuce, ta gobe ce ke bukatar hankalinsa.

Wasu yaran fargaba kan taso musu gaba ɗaya: zuciya na dukan uku-uku, numfashi ya yi sama, hannu ya yi sanyi, ya ji kamar mutuwa zai yi. Yawanci takan kai ƙololuwa cikin minti 10 sannan ta fara sauka, kuma ita kanta ba ta kisa. A karon farko dai likita ya duba, don a tabbatar ba zuciya ko asma ba ce. Dabarar da ke aiki ita ce a tsawaita fitar da numfashi: a shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, a fitar a hankali ta baki ana ƙirga 6, a yi ta yi minti biyu ko uku, tafin ƙafa a dafe da ƙasa. Sai an saba da ita a gida lokacin da hankali ke kwance, bayan kowace sallah misali, sannan take zuwa a ɗakin jarrabawa.

A wannan makon ne kuma masu sayar da ƙwaya ke zagaya ɗalibai. Kowace shekara hukumomi suna gargaɗi kan Kabtagon, wadda ake tallata wa yara da sunan tana hana barci tana buɗe kai. Tana hana barcin, sannan ta bar mutum da rawar jiki, zargi, faɗa da mantuwa. Ku ambace ta da sunanta tun kafin wani ya miƙa masa. Alamunta kwana biyu ba barci ba ci, surutu ba kai, cizon haƙora, sai kuma faɗuwa barci mai nauyi da ƙunci. Dokar ƙasar ta tanadi cewa wanda ya kawo kansa neman magani, ko danginsa suka kawo shi, ya kuma miƙa abin da ke hannunsa, ba a gurfanar da shi kan shan.

Mataki na takwas: inda gida ya tsaya, asibiti ya karɓa

In an gyara barci, an rage kaya, an yi magana, amma bayan mako uku ko huɗu babu sauyi, ko ya daina zuwa makaranta, ko yana ramewa, a ga likita. A fara da likitan iyali a nemi gwajin jini, domin ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo da ƙarancin bitamin D suna kawo kasala da ƙunci masu kama da ciwon damuwa, musamman ga 'yan mata. Mai sikila kuma a sani cewa gajiya da rashin shan ruwa da tashin hankali suna iya tayar masa da ciwo, shi jadawalinsa ya fi na kowa bukatar sassauci.

Don shawara ta waya akwai 937 na ma'aikatar lafiya, dare da rana. Akwai 920033360 na cibiyar ƙasa mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da manhajarta Qareeboon da ake rubuta tambaya ba sai an yi magana ba, abin da yara da yawa suka fi so. 'Yan ƙasa suna kama layin asibitin unguwa ta manhajar Sehhaty, daga nan a tura su gaba, har zuwa asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa na Irada in ta kama. Mai iƙama ya duba takardar inshorar lafiyarsa (ta'amin), domin inshorar dole ta ma'aikatan kamfanoni da iyalansu ta haɗa da wannan fanni har zuwa wani adadi.

Ruƙya da addu'a ba sa karo da asibiti, a haɗa su. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a shekara ana yawo da yarinya daga mai magani zuwa mai magani ana cewa aljanu ne ko kambun baka, ana dukanta ko ana shaƙe ta da hayaƙi, ko wani ya ce a ajiye maganin likita. Tsoron "za a ce mahaukaciya ce, wa zai aure ta" shi ya fi komai jinkirta mu, alhali sirrin mara lafiya amana ce a wuyan likita bisa doka.

Idan yaro ya ce "gara in mutu", "na zame muku kaya", ko kuka ga yanka a hannunsa ko cinyarsa, ko ya fara rabar da kayansa, ku tambaye shi ƙarara: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawo wa wanda ke ɗauke da shi shi kaɗai. In ya ce e, kada a yi masa wa'azin wuta a wannan lokaci, kada kuma a bar shi shi ɗaya. A kwashe magunguna duka, har Panadol, da su Clorox da wuƙaƙe a kulle, a tafi sashen gaggawa a ranar. In ya riga ya sha wani abu, a kira 997 na motar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar ko 911 a yankin Makka, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin Panadol mai yawa yana lalata hanta a ɓoye, alamun sai bayan kwana ɗaya ko biyu suke bayyana. Kada a sa shi amai, a tafi da kwalin abin da ya sha.

Ranar ganin likita ku tafi da takardar abin da kuka lura da shi: yaushe ya fara, awa nawa yake barci, me yake sha, ko akwai mai irin wannan a dangi. Ku bar yaron ya gana da likita shi kaɗai na ɗan lokaci. Ga larura mai sauƙi ko matsakaiciya yawanci da zaman tattaunawa ake farawa, mako-mako, inda ake koya masa gane tunanin da ke tayar masa da hankali da yadda zai tunkare shi. In an rubuta magani, yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga cikakken amfaninsa, a makonnin farko a sa masa ido sosai a kuma sanar da likita duk wani sauyi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ga sauƙi. Ku nemi rahoton likita ku kai makaranta, domin kwanakin da ya rasa su shiga cikin uzuri kada a zaftare masa makin halarta, a kuma ba shi damar rama jarrabawar da ta wuce shi.